Wasa Sai Da Mai Ramawa

Ranar sadakar uku ta mahaifina, bayan an shafa fatiha a ƙofar gidanmu da ke cikin birnin Zariya, yayana ya taɓa ni ya ce in tashi in yi wa jama'a godiya, in kuma yi cigiyar duk wanda yake bin marigayi bashi, tunda ni na saba tsayawa gaban mutane. Na miƙe, na gyara murya. Ban kai ga yin sallama ba sai dariya ta kuɓuce daga tabarmar baya. Wasu samari ne su huɗu ko biyar, kuma na san tsakani da Allah suka zo yi mini gaisuwa. Sun dai daɗe da sabawa cewa in na miƙe na gyara murya abin dariya ne zai biyo baya, sai bakinsu ya riga hankalinsu. Wani dattijo ya waiga ya zuba musu ido, suka sunkuyar da kai. Na yi godiyar, na yi cigiyar bashin, na koma na zauna kusa da yayana.

Ban riƙe yaran a zuciya ba. Abin da ya hana ni barci a daren shi ne fuskar wani mutum daban da ta yi ta dawo mini. Ni da ƙafata na shiga wannan sana'a, na kuma ci moriyarta. Shekara 17 ke nan ina riƙe makirfo a wajen kamu da dina da bikin yaye ɗalibai, daga baya na shiga sahun masu ɗaukar gajerun bidiyo a waya. Da kuɗin dariya na yi aure, da shi nake biya wa yara makaranta. In har mutane sun kasa kallona ba murmushi ko a zaman makoki, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma akwai bawan Allah da ni na mayar da shi haka, ba a yi shawara da shi ba, ko sisi bai samu ba. Saboda shi nake wannan rubutu. Ina ganin barkwancin Hausa ya saki wata ƙa'ida da ta riƙe shi tun kaka da kakanni, kuma da mu masu yi, da ku masu kallo, da hukumomin da ke kama mu, kowa da hannunsa a cikin sakin.

A zauren mahaifina na fara jin yadda ake wasa. Ɗinkin babbar riga yake yi, na hannu, irin wanda aka san birnin Zazzau da shi. Tun hantsi za su zauna su biyar ko shida, kowa da riga a cinya, aska takwas guda sai ta cinye makonni ana bin ta da allura. Ido da yatsu na kan aiki, baki kuwa ba shi da abin yi sai hira. Akwai wani Bakano da yake zuwa sarin riguna duk ƙarshen wata. Tun daga bakin ƙofa zai kwaɗa sallama ya ce, "Ina Zage-zagi? Yau ma 'matana ya tafi unguwa' ne?" Yana tsokanar yadda harshenmu ba ya damuwa da raba mace da namiji. Baba ko ɗaga kai ba ya yi, sai ya ce da abokan aikinsa, "Ku tattara alluranku, Bakano ya shigo, yanzu sai ya taya." Haka za su yi ta jifan juna har azahar, a fito da abinci su sa hannu a kwano ɗaya, sannan a zauna ciniki.

Akwai kuma wani makaho da yake biyowa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. A duk shekarun da na yi a zauren nan ban ji wanda ya taɓa maganar idonsa ba. Babarbare ne, cikin masu ɗinkin kuwa akwai Fulani biyu, to ta nan ake kama shi. Shi kuma ya fi su duka kaifin baki, in ya mayar da magana sai ka ga an soke allura a jikin riga an riƙe ciki.

Sai da na girma na gane cewa abin yana da tsari. Bahaushe bai bar wasa sakaka ba, ya raba wa kowa abokinsa. Taubashi da taubashinsa, har da karɓar kuɗin shara a watan cika-ciki. Jika da kakarsa. Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi. Cikin duk waɗannan, wanda aka jefa yana da dutse a hannunsa shi ma, shi ya sa yin fushi ya zama abin kunya: me zai sa ka fusata alhali ƙofar ramuwa a buɗe take? Bakanon nan bai taɓa fita daga zaurenmu kansa a ƙasa ba. In yau an fi shi, wata mai zuwa zai dawo da sabon shiri.

Bayan wasan tsara da tsara, an kuma buɗe wa na ƙasa ƙofar tsokanar na sama. Mun yi tashe muna yara, daga 10 ga watan azumi, muna manna gemun auduga muna tafiya irin ta tsofaffi, muna naɗa rawani muna kwaikwayon malam a ƙofar gidan malamin kansa, ya fito ya yi dariya ya ba mu hatsi. 'Yan kama sukan ɗauki salon karatun malamai su juya shi ya koma zancen tuwo da nama. A wasu fadodi mata sukan yi wasan gauta, su kwaikwayi sarki da hakimansa. Ga wawan sarki, mai faɗin abin da manyan fadawa ba sa iya furtawa. Ta gefe ake wasa, ko ta sama. Yaron da aka gani yana bin gurgu yana ɗingishi kuwa, duk babban da ya fara cin karo da shi yana da ikon murɗe masa kunne, kuma in ya kai ƙara gida a ƙara masa.

Ba na cewa zamanin da wanke yake tas. A tashen nan akwai kwaikwayon Bagwari, akwai tsangwamar gwauro, kuma baƙauye ya daɗe yana shan ba'a a bakin 'yan birni. Sai dai abin yana ƙarewa a lungun da aka yi shi. Gari ya waye, an wuce wurin, wanda aka dama kuma yana iya fitowa da sanda ya tarwatsa yaran.

Da talabijin ta zo, dattawan da muka taso muna kallo sun riƙe wannan ma'auni gwargwadon hali. Mukan cika tsakar gidan maƙwabcinmu mai akwatin talabijin don mu ga marigayi Kasimu Yero, ɗan garin nan, a shirin Karambana na tashar NTA Kaduna. Shisshigi yake yi wa dariya, da mutumin da ya san komai alhali bai san komai ba. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja, tsohon soja ne, ya ɗauko Hausar bariki da hargagin mai igiya ya shimfiɗa su a tashar gwamnati, a shekarun da sojoji ke riƙe da ƙasar. Gidansa ya tsokana, kuma sojojin na cikin masu kallo. Abin da suke kamawa hali ne, wanda mutum zai ga kansa a ciki ya ji kunya ya gyara. Halitta kuwa ba mai gyara ta, dariyar da aka yi a kanta ba ta da inda za ta je sai zuciyar mai ita. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, Allah ya jiƙansu.

A ƙarshen 2022 na ɗauki wani bidiyo na minti ɗaya da rabi. Akwai wani dattijo mai sayar da goro a ɗan tebur, a hanyar da nake bi kusan kullum. Yana da i'ina mai tsanani, musamman in ya zo faɗin kuɗi, sai kalmar ta maƙale ya riƙa buga tebur da tafin hannu har ta fito. Na daɗe ina lura da shi, domin lura ita ce rabin sana'armu. Na sa hula irin tasa, na jera goro a faranti, abokina ya zo a matsayin mai saye, na yi yadda yake yi har da bugun teburin. Ban ambaci sunansa ba, ban nuna wurin ba, da wannan na lallashi kaina. Cikin kwana uku bidiyon ya kai inda wani aikina bai taɓa kaiwa ba. Ana ta kirana daga Kano, daga Jos, har daga Nijar. Gayyatar biki ta ƙaru. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Bayan kamar mako uku wani saurayi ya yi sallama da ni bayan isha'i. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Yaya, ni ɗan mai goron nan ne." Ya ce tun fitar bidiyon yara ke tsayawa gaban teburin babansa suna tambayar kuɗin goron da ba saya za su yi ba, ɗaya na tambaya ɗaya na riƙe da waya. Har magidanta sukan rage gudun babur su buga tanki da tafin hannu su wuce suna dariya. Ya ce, "Yanzu Baba ya daina magana a waje. Da yatsu yake nuna kuɗi."

Na ce masa abin da kowannenmu yake cewa: "Haba ƙanena, ai wasa ne."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To Yaya, shi me zai ce maka ya rama?"

A daren na goge bidiyon, amma magana zarar bunu ce, ta waya kuwa kafin ka waiga ta haihu a hannun mutanen da ba ka sani ba. Washegari na bi yaron har gida. Dattijon ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya miƙo mini goro. Na ba shi haƙuri iyakar yadda na iya. Ya buɗe baki zai amsa, maganar ta maƙale, hannunsa ya ɗaga zai bugi tabarma sai ya tuna, ya mayar da shi cinya ya danne da ɗayan. Wannan danne hannun ba zan manta da shi ba. Na sunkuya ina jira har ya samu ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Shekaru ina wucewa ta gabansa ina sauraren yadda yake magana, ranar ce na fara sauraren abin da yake cewa.

Akwai abin da ban gaya wa yaron ba, kuma shi ya fi damuna. A makon da na ɗauki bidiyon mai goro, wani wasa daban nake shirin ɗauka. A shekarar ne malaman jami'o'i suka yi yajin aikin wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Duk wanda ke Zariya ya ga yadda Samaru da Kongo, unguwannin da Jami'ar Ahmadu Bello take, suka yi tsit: masu abinci, 'yan acaɓa, masu shagon buga takardu, masu gidajen haya, kowa ya ji a jikinsa, ban da ɗaliban da shekara ta zube musu a banza. Na rubuta ɗan wasa a kan wani babban jami'i da yake zuwa zaman sulhu ya yi ta gyangyaɗi, ba abin da ke tashinsa sai kiran 'ya'yansa daga makarantarsu a Ingila. Ba sunan kowa a ciki. Muna cikin gwaji sai ga labari daga Kano a watan Nuwamba: kotu ta yanke wa wasu samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, kan bidiyon da suka yi game da gwamnan jihar na lokacin. Mahaifiyata ta aika aka kira ni. Ta ce, "Kai, ka rufa mini asiri. Waɗancan da aka zane su ma da iyayensu." Na ajiye wasan babban jami'i. Mako na tafiya ban saki komai ba, mabiya na tambaya, sai na tuna da mai goro.

Kura ta san gidan mai babbar sanda. Tun 2008 muka ga kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace fina-finai ta Kano ta ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro wata biyu, mutumin da a lokacin ba gidan Bahaushen da bai shiga ba. Daga baya aka samu dokar laifukan intanet ta 2015, wadda sashe na 24 nata ya zama igiyar da ake ɗaure masu magana a waya. Yaron da ya fara barkwanci yau ba ya bukatar a karanta masa waɗannan dokoki, yana gani da idonsa wa ake taɓawa a kwana a gida, wa ake taɓawa a kwana a ofishin 'yan sanda. A shekaruna cikin sana'ar nan ban taɓa jin an tsayar da ɗayanmu gaban alƙali don ya wulaƙanta kurma ko wada ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Ƙazafi ƙazafi ne ko da an yi shi ana dariya, kuma wanda ya kira mutum ɓarawo ba hujja ya shirya amsa tambaya, gwamna ne aka yi wa ko mai gadi. Amma kwaikwayon mai mulki, da yi wa alƙawarin da bai cika ba dariya, da tsokanar sa kan ramukan titi da wutar da ba ta zuwa, wannan tsohon haƙƙin talaka ne da sarakunan da ma suka bar masa. In da ma'aunin zaurenmu za a auna, ba wanda ya kai mai mulki cancantar a yi wasa da shi, domin ba wanda ya kai shi abin ramawa. Yana da rediyo, yana da talabijin, yana da masu magana da yawunsa, yana da mawaƙa. Mai goro hannu ɗaya gare shi da yake buga tebur, shi ma na karɓe.

Sai kasuwar kanta. Su Samanja sau ɗaya a mako suke fitowa, akwai furodusa, akwai gwaji, akwai wanda zai ce wannan layin a cire shi. Waya kuwa ba ta ƙoshi. In ka yi kwana uku ba ka saki sabon abu ba, ta tura mutanenka wajen wani. Na'urar da ke zaɓar abin da za a nuna wa jama'a a Facebook da TikTok lissafi take yi, wa ya tsaya ya kalla, wa ya tura wa wani, ba ta san bambancin raha da izgili ba. Tsara wasan da zai kama hali yana cin kwanaki da ƙwaƙwalwa. Ɗauko wada a sa shi ya yi tsalle ya ɗauko abu daga kan kanta minti goma ne. Shi ya sa kuka ga an cika mana waya da masu taɓin hankali da ake bi da kamara a bakin titi, da almajiran da ake ba naira ɗari su yi abin da zai zubar musu da mutunci, da abin da ake kira firank, a firgita tsohuwa mai tallar gyaɗa a ɗauki ihunta. Wasan Fulani ma ya sauya kama. Da Babarbare ne ke tsokanar su da zancen nono da sanda, su mayar masa. Yanzu kowa ya samu lasisi, kuma da ka ga an sa malfa a bidiyo ka san bindiga za ta biyo baya. Ina da abokai Fulani 'yan cikin birni da 'ya'yansu ke dawowa daga makaranta da sunan 'yan bindiga a kansu. Wannan ya bar sahun wasa, ya koma hura wuta a ƙasar da ba ta rasa wuta ba.

Ku masu kallo, ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na sha ganin mutum ya rubuta "Allah ya shirya" a ƙarƙashin bidiyo, sannan ya tura shi zaure uku na WhatsApp. A wajen dina abokan ango sukan ja ni gefe su cusa mini kuɗi a aljihu su ce, "Oga, ka ɗan taɓa mana ƙawar amaryar nan mai jiki." Na yi a baya, fiye da sau ɗaya. Liƙi yakan zubo kamar ruwa. Ita kuma takan yi murmushi, domin ba yadda za ta yi, idon ɗaki duka na kanta, makirfo kuma yana hannuna. Daga kan dandamali ana ganin abin da na ƙasa ba sa gani. Na ga irin waɗannan 'yan mata suna ɗaukar jaka su sulale tun ba a raba abinci ba.

Wasu malamai suna ganin maganin abin shi ne a haramta sana'ar ɗungurungum. Ina girmama su, ni ba malami ba ne, kuma gargaɗin da ya zo a hadisi kan mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya yana wuyana kullum na ɗauki makirfo. Amma malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa bayan magariba ya karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yin raha, sai dai ba ya faɗin komai sai gaskiya. Wani ya roƙe shi abin hawa ya ce zai ɗora shi kan ɗan taguwa, mutumin ya ce me zai yi da ɗan taguwa, ya nuna masa cewa ai kowane raƙumi taguwa ce ta haife shi. Abin da aka hana ƙarara yana cikin aya ta 11 ta Suratul Hujurat, kada wasu mutane su yi wa wasu izgili, da kiran juna da sunayen banza. Addini da zauren mahaifina a wuri ɗaya suka ja layi. Matsalar haramta komai ita ce, yaron da aka gaya wa cewa tun ranar da ya ɗauki kamara ya halaka, ba zai dawo ya tambayi ina iyaka take ba. An riga an kore shi daga inda ake tambaya.

Haka al'umma ma ta kore mu, tana dariya. Neman aurena na farko a kan wannan ya lalace. Kawun yarinyar, wanda ya san wasannina da ka, ya ce da wakilaina, "Yaron kirki ne, amma ba ma ba ɗan wasa." A garin da Jami'ar Ahmadu Bello take ba da digiri a fannin wasan kwaikwayo, take da dandalin wasa na ginin ƙasa a Samaru tun shekarun 1970. Mun kuma ga dattawan da suka cika gidajenmu da dariya shekara da shekaru sun ƙare a kan gadon jinya, ana ɗaukar su a waya suna neman taimakon kuɗin magani. Matata har yau mata kan tare ta a gidan suna su ce, "Ke kam kin huta, kullum cikin dariya." Takan yi shiru. Ita ta san mutumin da yake dawowa ƙarfe ɗaya na dare murya a dishe, ya zauna bakin gado ba ya son ko tari. Ita ta san daren da na bar ta a asibiti da ɗanmu ana ƙara masa ruwa na tafi dina, domin na riga na karɓi kafin alƙalami kuma da shi aka sayi maganin.

Ban kawo wannan don a tausaya mana ba. Sana'ar da aka raina ba ta tara dattawa, wanda ya samu hanya sai ya gudu, wanda ya tsufa a ciki ba mai jin maganarsa. Maƙera suna da Sarkin Maƙera, mahauta da Sarkin Fawa, wanzamai da Sarkin Aska, in yaro ya yi ba daidai ba akwai inda ake kiran sa. Mu kuwa yaro ɗan shekara 19 ne da waya da mabiya dubbai, ba wanda ya isa ya ce masa ajiye. Ba sabuwar hukumar tacewa nake roƙo ba, mun ga wa irinsu suke karewa. Zaure nake so mu yi wa kanmu, mu masu abin a Zariya, daga cikin birni zuwa Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, inda za a nuna wa juna aiki kafin a saki, inda babba zai iya cewa ƙarami wannan halitta ka taɓa, cire shi. Kuma duk wanda za a ɗauka a kamara a tambaye shi, a biya shi. In aka kama ɗayanmu don ya tsokani mai mulki, a gan mu a kotu gaba ɗaya, tare da ku da kuke tura bidiyon.

Masu cewa in an bar izgili dariya za ta ƙare, ban yarda da su ba, domin na gwada. Yanzu in na je biki nakan tambaya tun da wuri ko kakar ango tana nan. In tana nan, sai in je har inda take zaune in durƙusa in ce, "Hajiya Kaka, ashe kina raye aka yi miki kishiya?" In miƙa mata makirfo. Ban taɓa ganin tsohuwar da ta rasa amsa ba. Wata a Tudun Wada ta ce amarya ta kwantar da hankalinta, ita ta riga ta gaji da mijin, tun yana tsumma take fama da shi bai taɓa ba ta kuɗin cefane ba. Ɗakin ya kece, ango ya rufe fuska da hula, amarya ta yi dariya har lulluɓinta ya zame. Daga nan na nemo Kanawan da ke wurin, su ma na ba su makirfo suka rama. Liƙin bai kai na da ba, gaskiya ne, kuma akwai abokan angon da ba su sake kirana ba. Amma irin wannan dariyar tana da wani sauti, daga ciki take fitowa, ba mai waigawa ya ga ko wani ya ji ciwo.

Dattijon nan bai koma bakin hanya ba. Ya mayar da teburinsa zauren gidansa, inda sai maƙwabta ke saye, kuma ɗansa ya gaya mini cinikin bai kai rabin na da ba. Nakan je duk Juma'a in sayi goron da ya fi bukatata, mu gaisa, wani lokaci ya ba ni labarin zamanin da ake kawo goro Zariya a jirgin ƙasa. Ya zo ta'aziyyar mahaifina, yana zaune a tabarma ta biyu lokacin da samarin nan suka yi dariya, kuma shi kaɗai ne bai waiga ya dube su ba, ni yake kallo. A watan jiya wani yaro da ban sani ba ya turo mini bidiyon ta Facebook, an ɗora masa sabon kiɗa da sunan wani shafi. A ƙasa ya rubuta, "Oga, wannan ya fi kowanne. Yaushe za a saki na biyu?"